Abin da Bashiru Ya Bari a Tulu

Shekara goma sha wani abu Farfesa Christiana Yaro ta yi tana aiki a Yelwa kafin garin ya tuna cewa ya kamata a gode mata. Da ya tuna kuwa, sai ya tuna da ƙarfinsa. Aka kafa kwamiti, aka fitar da anko, aka jibge rumfuna da kujerun roba a titin da ke gaban asibitinta har masu zuwa kasuwa sai sun zagaya. Aka sa ranar Asabar, kuma duk cikin 'yan kwamitin ba a sami wanda ya tambaye ta ko tana da aiki ran nan ba. Tana da shi kuwa. Ranar ce za ta dasa wa Rukayya, matar Bashiru mai bandar kifi, 'yan tayi biyu da ke ajiye a tulun sanyi na ɗakin ciki. Su kaɗai suka rayu bayan duk allurai da wahalar da matar ta sha, babu wasu a bayansu.

Wanda bai san Christiana ba zai ɗauka tsohuwar malamar firamare ce: gajeriya, furfura ta cinye kai, takalmin roba, ga fuskar da murmushi ba ya daɗewa a kanta. 'Yar manoman Kambari ce daga kan duwatsun Ngaski. Makarantar mishan ta ɗauke ta, jami'a ta karɓa, daga nan sai ƙasar Turawa. Da ta dawo, abokan karatunta suka nemi ofis mai sanyi a manyan birane, ita kuwa ta shiga kwalekwale tana bin ƙauyukan bakin tafki daga Wara har gefen Shanga, tana roƙon mata su bari ta duba su. Abin da ta gano ya daɗe yana cin ranta. Tsargiyar nan da ake ɗauka ciwon yara maza ne masu fitsarin jini, ashe tana shiga jikin matan da ke wanki da ɗiban ruwa a bakin tafki, ƙwan tsutsarta ya je ya toshe hanyar da ƙwan mace ke bi zuwa mahaifa. Wato matan da ake kira juya, ake yi musu gori a gidan suna, ake sallamarsu su koma gidan iyaye, da yawansu ba su da laifin komai sai na wanke kwano. Ta rubuta wannan, aka tafa mata a ƙasashen da ba su san tsargiya ba. A nan gida ko wanda ya karanta ba a samu ba.

Sai ta ga rubutu ba zai buɗe hanyar da ta riga ta toshe ba. Ta koma ta koyi yadda ake ciro ƙwan mace a haɗa shi da maniyyin mijinta a waje, in ya kama ya zama ɗan tayi a mayar mata cikin mahaifa. Wannan wasu sun riga ta. Abin da ba a riga ta ba shi ne yin sa a gari mai zafin Yelwa, inda wutar lantarki ke leƙowa ta gaisa ta wuce. Rabin rayuwarta a nan ya tafi. Aure ma ya zo ya tsaya a ƙofa, ya gaji ya kama gabansa. Da ta ajiye aikin jami'a ta tattaro injinanta ta dawo gida ta buɗe ɗan asibiti a bayan kasuwa, watanni suka shuɗe babu macen da ta taka ƙofarsa.

Dalili a fili yake. Kirista ce, 'yar kan dutse, ta zo tana cewa a kawo mata sirrin miji da mata ta zuba a faranti. Me ba a faɗa ba? An ce tana haɗa na wannan da na wancan, an ce ƙwan Turawa take sa wa mata, an ce 'ya'yan in sun girma ba za su yi salla ba. Fastonta ma ya ja ta gefe ya ce tana shiga aikin da ba nata ba. A ƙarshe ta yafa gyale ta tafi zauren Malam Abdulrahman, tsohon alƙali, wanda in ya ce abu ya halatta garin ya huta. Ta zauna a tabarma daga nesa, ta yi masa bayani tana zane a ƙasa da yatsa. Tsohon ya saurara har ta gama, ya yi kwanaki yana duba littattafansa, sannan ya aika ta dawo.

"Likita, na duba," in ji shi. "Iri na miji, ƙwai na matatai, ciki nata. In haka na, babu laihi. Amma sai aure na tsaye. Ranad da saki ya shiga, ko mutuwa, abin da ke cikin tulunki ya haramta gare ta. Kin yarda?"

"Na yarda, Malam."

"Ni zan hwaɗa ma mutane da bakina. In kinka saɓa, ba ni ɗai kinka kunyata ba. Duk ɗan da ya hito ɗakin nan, kin aza mashi tambaya bisa kai."

Ya faɗa a wurin karatu, mata suka fara zuwa, da farko da lulluɓi har ido, daga baya a sake. Malam ya rasu tuni, amma maganarsa tana nan. Yanzu akwai yara a makarantun Yelwa da Wara da Birnin Yauri waɗanda Christiana ta fara gani ta madubin inji tun ba su kai ƙwayar gero ba, suna amsa sunan ubanninsu babu mai ɗaga gira.

Doka ta biyu tata ce, ita ce kuma ta fi ja mata baƙin jini. Ba a shiga asibitinta da ƙamshi. Turare, humra, hayaƙin turaren wuta a jikin tufa, duk a baro su gida, domin abin da hanci ke jin daɗinsa guba ne ga ɗan tayin da ke kwance a faranti ba shi da fatar da za ta kare shi. Ta mayar da matan manya daga bakin ƙofa saboda wannan, ta sa wasu sun koma sun sake wanka. Ɗakin ciki kuwa, inda injinan suke, ita da Uwani nas ɗinta kaɗai ke shiga, mabuɗin yana rataye a wuyanta. A gabanta ana kiranta Inna Likita, a bayan idonta kuma Madam A'a.

Bashiru kaɗai ke mayar da dokar abin wasa. Dogo ne mai surutu, hayaƙin banda ya kama shi har ƙashi. Shi da kansa yake zuwa da sabulu da wata riga a leda, ya yi wanka a bayan asibiti kafin ya shigo, kuma tun daga baranda yake ɗaga murya.

"Inna Likita, ƙaƙa ɗiyana na tulu? Sun kwana lahiya? A gaya masu babansu ya zo, kuma yau kasuwa ta yi kyau."

Rukayya sai ta ja mayafi ta rufe baki, kunya da dariya suna kokawa a fuskarta. A wani ƙauyen masunta suke zaune a gefen Wara, sun haura shekara goma da aure. Ita ce irin matan da Christiana ta yi rubutu a kansu tun ita Rukayya tana goye: a bakin ruwa ta tashi, tsargiya ta yi mata ɓarnarta a ɓoye. Dangin miji sun yi magana har sun gaji, Bashiru ya toshe kunne. Makonni ta yi tana shan maganin da ke gyara mahaifa ta shirya karɓar ɗan tayi, kuma wannan shiri yana da ranarsa. In ranar ta wuce, sai jini ya zo ya share, a sake sabon lale wata mai zuwa.

Don haka Christiana ta tsara abinta: a yi taro da safe, a watse da azahar, da la'asar ta yi dashe. Da a nan aka tsaya, da babu labari.

Ana gobe taro Hajiya Talatu, shugabar mata ta kwamiti, ta zo da fara'arta da zobbanta. Baƙi daga Birnin Kebbi suna son ganin ɗakin ciki, in ji ta, wurin da ake abin al'ajabin. Leƙawa kawai za su yi daga bakin ƙofa. A ba ta mabuɗi a share a goge tun da sassafe, tunda ita Farfesa za a tafi da ita a ɗaura mata gwaggwaro, Uwani kuma tana cikin masu tarbar baƙi.

"Ba a shiga ɗakin nan, Hajiya."

"Haba Inna Likita! Yau ɗai? Garinku na son shi ɗaukaka ki, ke ko kina ruhe mashi ƙohwa? Wallahi mutane na cewa har yau ba ki ɗauke mu naki ba."

Maganar ta sami wuri ta zauna. Gaskiyar ita ce Christiana ta gaji. Ta gaji da zama baƙuwa a garin da ta ba ƙarfinta, ta gaji da cewa a'a, tana kuma so, ko sau ɗaya kafin ta mutu, ta ji an kira sunan ubanta Yaro a lasifika a tsakiyar Yelwa ana tafi. Ba wani babban buri ba ne. Ta cire mabuɗin daga wuya, ta jaddada cewa shara kawai, ban da taɓa komai, ban da ƙamshi. Hajiya Talatu ta ce, "Awo, awo," irin amsar wadda hankalinta ya riga ya koma wurin masu girki.

Taro ya yi taro. Wani ya ce ita ce ta farko a Afirka, wani ya ga an bar shi a baya ya ce a duniya, wani da bai taɓa gaishe ta ba ya ce tun suna yara ya san za ta yi nisa. Babu wanda ya ambaci tsargiya, don ba kalmar da ake faɗa ba ce ana shirin cin shinkafa. Iyayen yaran da ta yi dalilin zuwansu duniya suna nan cikin rumfa, amma da mai gabatarwa ya ce su miƙe a gan su, sai kowa ya shiga gyaran hula. Duk da haka ta ji daɗi, kada a yi mata ƙarya. Da aka kira ta ɗiyar Yaro, mata suka rangaɗa guɗa, idonta ya kawo ruwa. Ta hango Rukayya a kan bencin baranda da gorar ruwa a cinya, ta ɗaga mata hannu alamar saura kaɗan.

Sai aka ce baƙi su taso a zagaya da su. Tun daga baranda hancinta ya gaya mata. Ta wuce manyan baƙin da sauri, gwaggwaro yana zamewa, ta tarar da ƙofar ɗakin ciki a wangale. Kasko biyu na turaren wuta, ɗaya a ƙarƙashin teburin madubi, ɗaya a gindin injin da ake ɗumama 'yan tayi, suna ta aikinsu tun safe. Hayaƙi ya kwanta a silin, ya kama bango, ya cika matatar iskar da ta sha wuya kafin ta samo. Hajiya Talatu na tsaye a gefe tana washe baki.

"Wurin warin magani ɗai shika yi, Inna Likita. Nic ce ba mu kai manyan mutane cikin wari. Mai kyau na, na Maiduguri."

Kafin Christiana ta sami bakin magana manyan riguna sun cika ɗakin, kowace da nata turaren, ana ɗaukar hoto ana nuna tulu da yatsa. Na cikin tulu babu abin da ya same su, a daskare suke, a rufe. Amma a fito da su a narkar a cikin wannan iska, kisa ne. Ɗakin sai an wanke shi sama da ƙasa, an sauya matata, an bar shi ya huce kwanaki. Farfesa Christiana ta tsaya a tsakiyar baƙinta da allon yabo a hannu, tana murmushi ana ɗauka, don ta rasa abin da za ta yi da fuskarta.

Da la'asar ta gaya wa Bashiru da Rukayya an ɗaga dashen, a baranda, ana kwashe kujeru. Rukayya ta tashi ta nufi banɗaki. Bashiru ya yi dariya ya bugi cinya.

"To mi a ciki? Mun hi shekara goma muna jira, wata guda na za ya gagare mu? Bar su su ƙara hutawa. Ɗiyan manya na, ba su son gaggawa." Ya juya wajen ɗakin ya ɗaga murya. "Ku yi haƙuri, sai wata mai zuwa in Allah ya so!"

Kafin magariba duk bakin ruwa ya ji labarin daga bakinsa, har da kwaikwayon tafiyar Hajiya Talatu da kasko. Ita Hajiyar kuwa, da ta ji an ce Farfesa ta yi fushi, sai ta aiko da kular dambun kifi da hotunan taro. Har yau ba ta gane abin da ta yi ba.

Rukayya ta koma kan magani, ana ta shirin karo na biyu. Ranar wata kasuwa Bashiru ya shigo jirgin ruwa daga ƙauyensu da kwandunan kifinsa. Jirgin ya yi lodi fiye da kima kamar kullum, ya hau kan kututturen ɗaya daga itatuwan nan da tafkin ya shanye tun zamanin da aka datse ruwa, suke tsaye a ƙarƙashi ba su ruɓe ba. Katako ya tsage. An ceto da yawa. Bashiru, da ya iya ruwa tun yana yaro, ya fitar da mata biyu, ya koma ɗauko ta uku, ba a sake ganinsa ba sai washegari. A bakin ruwa aka binne shi, yadda mutanensu ke yi wa wanda ruwa ya ci.

Christiana ta je gaisuwa. Ta zauna cikin mata a tsakar gida ta ce Allah ya jiƙansa, ba ta iya haɗa ido da mai takaba ba. Ta dawo ta ci gaba da aikinta a ɗakin da ya koma tas, ba ƙamshi ba wari, allon yabo kuma tuni ta cusa shi a bayan kabad. Kullum da safe in ta ɗaga murfin tulu za ta duba sanyinsa, sai ta kawar da kai daga ɓangaren da nasu suke.

Ba a yi arba'in ba Rukayya ta zo. Da hantsi ne, layin mata ya ragu. Ta shigo ofis da tsohon zane da mayafi mara ado, ba ɗan kunne ba kwalli, riƙe da 'yar wuƙar nan da masu takaba ke fita da ita in fitar ta zama dole. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Tsohuwar da ta rako ta tana waje a kan benci, an ce mata ciwon mara ne ya kawo su. Rukayya ta rufe ƙofa da kanta, ta zauna, ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Inna Likita, ɗaki ya huce?"

"Ya huce, Rukayya."

"To ba ni maganin in sake hwarawa. Ki sa mani su."

Christiana ta san wannan ranar tana tafe, har ta shirya jawabi mai kyau. Ta neme shi ta rasa.

"Ba zai yiwu ba, 'yata."

"Ba nashi ba na?"

"Nashi ne."

"Ba nawa ba na?"

"Naki ne."

"Da aure anka yi su ko da banza?"

"Da aure."

"To wa za mu roƙa kuma? Ni ban ce ki ba ni na wani ba. Abin da mijina ya bari nika biɗa. Wasu an bar masu gida, wasu gona. Ni abin da anka bar mani shina nan bayan ƙohwag ga." Ta matso da kujera, ta rage murya. "Babu wanda za ya sani. Yaushe ma ya rasu? In ciki ya hito, cewa za a yi ya bar ni da shi. Kuma gaskiya ta, shi ya bar ni da shi."

Christiana ita ma ta yi wannan tunanin, ba sau ɗaya ba. Hannunta ya san aikin, ba zai ɗauke ta tsawon shan shayi ba. Kuma ita ce ta cire mabuɗi daga wuyanta, babu wanda ya ƙwata. Ta kalli matar, ta yi mata tambayar da ta fi tsana a duk tambayoyin da ta taɓa yi wa mace.

"Bayan rasuwarsa, da kika daina shan maganin, kin yi fashin salla?"

Rukayya ta sunkuyar da kai.

"Ran da na zo gaisuwa an kira la'asar, mata suka tashi, ke kina zaune. Na gani. Uwar mijinki ta gani, gidan cike yake da mata. Kuma Bashiru, Allah ya jiƙansa, babu wanda bai gaya wa an ɗaga dashen ba. Za su ƙirga wata, Rukayya, mata ba sa kuskure a wannan. In sun ƙirga, ɗayan biyu za su ce: ko kin yi abin kunya cikin takaba, ko ni na saka miki ɗan mamaci. Da wannan ɗan zai tashi. Kuma ba shi kaɗai ba, duk yaron da ya fito daga ɗakin nan, sai a koma a ce to shi ma wa ya sani."

"Su ce! Ni za a ce ma. Na ɗauka."

"Na yi wa Malam Abdulrahman alkawari."

"Malam ya mutu."

"Yaran da ya tsaya musu suna raye."

Rukayya ta yi wata 'yar dariya mara daɗin ji. "Kin san na aika an tambaya mani malamai? Duk sun ce a'a, aure ya ƙare ranad da ruwa ya ci shi. Na sani. Shi ya sa niz zo gare ki. Nic ce ke ba musulma ba ta, wagga doka ba taki ta ba, ke ko babu komi kya ji tausai."

Wannan ta shige ta fiye da duk zagin da ta sha a garin. Shekara da shekaru ana nuna mata ita ba tasu ba ce, tana haɗiyewa, tana bin dokarsu fiye da yadda su ke bi, yau kuma baƙuntar tata aka zo nema. Ta ji haushin Malam da ke kabari, ta ji na Hajiya Talatu, ta ji na garin gaba ɗaya da rumfunansa, na kanta kuma ya fi duka. Ta tuna yaran nan masu kayan makaranta da ke wucewa ta ƙofar asibiti da safe ba su ma san ta ba. Bakinta ya faɗi abin da ya saba.

"A'a, Rukayya. Ki yafe mini. A'a."

Matar ta daɗe tana kallonta. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi.

"Ran nan kin ce in sha ruwa da yawa, kar in zaga sai an gama. Tun hantsi nike zaune bisa bencin can, marata kamar ta hwashe, ina matse ƙahwa, ina jin ana kiran sunanki ana guɗa. Murna nika yi, wallahi. Nic ce yau babbar macce za ta taɓa ni. Kin iya cewa a'a, Inna Likita, kowa ya shaida. Ga shi ni kin ce mani. Ita mai kasko, mi ya hana ki ce mata?"

Fanka tana juyawa a sama, a waje wani mai lemo yana talla.

"To ba ni su," in ji Rukayya.

"Me?"

"Ɗiyana. Tunda ba ki sa su inda ya dace, ba ni barinsu cikin sanyi wurin baƙi har ki mutu a zubar. In kai su wurin ubansu."

"In suka fito daga tulun, shi ke nan. Ba a mayarwa."

"Na sani. Kin hwaɗa muna tun hwarko."

Farfesa ta so ta ce a jira, a yi tunani, a kira wani daga dangi. Ta duba ta ga ba ta da idon da za ta sake ce wa wannan matar ta jira. Ta tashi ta shiga ɗakin ciki ita kaɗai, ta sa safar hannu mai kauri, ta ɗaga murfin tulun, farin tururi ya malalo ya sauka ƙasa. Ta zaro ɗan siririn tsinken roba mai ɗauke da sunan Bashiru da Rukayya. Su biyun suna ciki, ido ba ya ganinsu. Ita dai ta gan su, a madubi, safiyar da suka kama, har ta kira Uwani ta zo ta kalla don kyau. Ta naɗe tsinken a auduga ta fito da shi a hannu biyu.

Rukayya ta ajiye wuƙar a kan tebur ta karɓa. Ta buɗe audugar ta duba.

"Ɗan wanga abu?"

"Shi ne."

"Duka biyun?"

"Duka."

"Za su daɗe?"

"A'a. Da sun ji ɗumi, ba za su daɗe ba."

Ta gyaɗa kai. Sai ta miƙe ta juya baya, ta sassauta zanenta, ta kwantar da tsinken a kan fatar mararta, ta mayar da zanen ta ɗaure tam. Sanyin ya sa ta ja numfashi. Ta dafe wurin da tafin hannu ta tsaya haka, ido a rufe, leɓɓanta suna motsi. Christiana ba ta san ko addu'a take yi ko magana take yi musu ba, ba ta kuma da hurumin tambaya.

Ba ta yi sallama ba. Ta ɗauki wuƙarta ta fita, tsohuwar ta taso ta bi ta. Ta taga Christiana ta ga 'yan kabu-kabu sun yo kansu a bakin titi, kowa na cewa bakin ruwa ne, ku hau mu tafi. Tsohuwar har ta dafa kafaɗar wani za ta hau. Rukayya ta girgiza kai, muryarta ta shigo har ofis.

"Ku tahi abinku. Ba a jijjiga mai ciki."

Ta gangara hanyar bakin ruwa a ƙasa, a hankali, hannu ɗaya a kan mara, tsohuwar na biye tana tambayarta me ta ce.